Aska da Reza: Tafiyata Ƙasar Roni

Mai zuwa Roni daga Kano hanyar Daura yake bi. Na shiga mota a tashar Ƙofar Ruwa da sassafe, a ƙarshen kaka, iskar hunturu ta fara tsattsage leɓe. Gefen tashar kasuwar ƙarafa ce, rodi da kwanon rufi da tsofaffin sassan mota jibge ko'ina, kuma daga irin wannan jibgin ne yawancin maƙeran ƙauye ke samun abin da suke sarrafawa a yau. Ni ma ƙarfe ne ya tashe ni, amma ɗan ƙarami da bai fi tsawon yatsa ba da yawa, wato askar wanzami. A birni kilifa ta karɓe kawunan samari, kowane lungu da shagon aski da madubi da janareta. Na so in ga inda har yanzu ake ƙera aska da hannu, a kuma yi aski da ita da ruwa da sabulu. A aljihuna akwai gidan reza na ƙarfe irin na da, mai ɗaukar reza mai baki biyu, ina son in nuna wa maƙeri in ji abin da zai ce.

Mun wuce Dawanau, inda manyan motoci ke lodin riɗi da wake da zoɓo, muka karya dama muka kama hanyar Dambatta. An girbe gonaki, sai karan dawa a tsaye da shanu suna kiwo a cikinsa. Da an doshi Kazaure sai ƙasa ta sauya. Shimfiɗaɗɗen filin Kano ya ƙare, tsaunuka suka taso dama da hagu, ga ruwan dam yana ƙyalli a gindinsu. Wanda ya san Jigawa ta wajen Gumel da Haɗeja, ƙasar rairayi da fadama, zai yi mamakin jin cewa nan ma Jigawa ce. Masarautar Kazaure da Ɗan Tunku ya kafa a wajajen 1819 ƙananan hukumomi huɗu ce yanzu, Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, kuma tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991 suke can kusurwar arewa maso yamma, kafaɗa da kafaɗa da Kano da Katsina.

Daga Kazaure na sake wata motar zuwa Roni. Hanyar tana ratsa jar ƙasa da duwatsu, kuma duwatsun nan su ne rabin dalilin da ya sa na zaɓi wannan yanki, domin suna ɗauke da tama, dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Tarihin Kano kansa da tama ya fara, da maƙeran da suka zauna a gindin Dala saboda ita. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kusan duk fartanya da garma da mashi da askar ƙasar Hausa daga irin wannan dutse suka fito. Da tsohon ƙarfen Turawa ya wadata ya yi araha, sai narka tama ta mutu a hankali. Ƙira dai ta tsira, abincinta kawai ta canza.

Ba a tambayar hanyar maƙera, kunne ne ke kai mutum. Na bi ƙarar masaba har bakin wata rumfar kara mai duhu-duhu. Dattijo ne a zaune gaban uwar maƙera, jikansa yana zuga, ga lauje da fartanya da magirbi jere a ƙasa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu Malam. Daga birni?"

Na ce daga birni, kuma aska na zo gani. Ya yi murmushi, ya ce ba kullum ake neman ta ba yanzu, sai wanzamai sun aiko, amma masu aikowar suna nan, daga Gwiwa har Babura. Ya jawo wani tsohon kwando ya zazzage shi. Guntayen magagari ne da suka gama cin ƙarfe, da karyayyen zarto, da ɓallin sifirin na mota. Na ɗauki wani guntun rodi da ke gefe na tambaye shi ko wannan ma zai yi.

"Rodi ba ya aska," in ji shi. "Ko ka kwana kana wasa shi, kai ɗaya zai aske ya kwanta."

Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne abin da injiniya zai cika allo da shi. Magagari da zarto da sifirin suna da sinadarin kabon mai yawa a jikinsu, shi ya sa in an gasa su aka tsoma a ruwa suke yin tauri su riƙe kaifi. Rodi nasa kaɗan ne, ba ya jin wannan horon. Dattijon bai taɓa kiran sunan kabon ba, amma da ya buga ƙarfe a uwar maƙera ya saurara, ya san wanda zai yi da wanda ba zai yi ba.

Ya zaɓi guntun magagari ya cusa a garwashin gawayin ƙirya. Yaro ya danna zugazugi, wuta ta yi fari. Da ƙarfen ya yi ja sai ya ciro shi da awartaki ya fara bugu, ba da ƙarfi irin na fartanya ba, ƙananan bugu ne masu bin juna. Ƙarfe ɗaya ne tun daga baki har wutsiya. Yana miƙar da wutsiyar ta zama mariƙi, yana faɗaɗa gaban, yana sirantar da gefe ɗaya ya bar ɗayan da kauri. Kaurin bayan nan ba ado ba ne. Shi ke ba askar nauyi a hannu, kuma in an kwantar da ita a kan dutse shi ke ɗaga ta daidai yadda bakin zai ci wasa. Ya mayar da ita wuta ya ciro, ya mayar ya ciro, har ta ɗauki siffa, sannan ya bi ta da magagari mai rai ya share tabon masaba.

Sai aka zo wurin da ake gane gwani. Ya ce wa yaron ya rage zuga. Ya zuba wa ƙarfen ido yana jiran wani irin ja da shi kaɗai ya san shi, kuma a nan na gane amfanin duhun rumfar, don a hasken rana ba a ganin launin ƙarfe mai zafi sosai. Ya fizgo ta ya tsoma a ruwa, ta yi cuu. A wannan hali ta yi tauri ƙwarai, amma in ta faɗi a kan dutse tana iya karyewa. Saboda haka ya goge gefenta ya yi haske, ya riƙe ta nesa kaɗan da garwashi, yana kallon launi yana tafiya a jikinta. Da ta fara yin rawaya-rawaya ya janye.

"In ka yi sake ta kai shuɗi, ta tashi daga aska," ya ce. "Sai dai a ba mata su yanka kuɓewa."

Kaifin da maƙeri ke ba ta na farko ne kawai. Na ƙarshe aikin wanzami ne, don haka na nufi kasuwa.

Na same shi a gindin darbejiya, ya shimfiɗa tabarma, zabirarsa a gefe. Na ce, "Sarkin Aska, barka da rana." Ya ce, "Barka kadai, Malam, bismillah." Kafin in gyara zama ya jefo mini tambayar da ban zata ba: "Da aska ko da reza?" Ya buɗe zabira ya nuna mini. A aljihunanta ga askar aski, ga ƙananan na tsaga, ga ƙaho, ga almakashi, ga dutsen wasa da ya lotsa a tsakiya don daɗewa, ga fatar da ake goga baki a kai. A gefe guda kuma ga wata aba mai naɗewa ta kanti, wadda ake karya reza biyu a zura rabi a bakinta. Ya ce dattawa aska suke so, samari da ma'aikata kuwa sai sun ga an ɓare sabuwar reza a gabansu.

Na tsaya na kalli yadda yake yi wa wani manomi. Abin da ya fi ɗaukar lokaci ba askin ba ne, jiƙon ne. Ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya shafa, ya goga sabulu, ya yi ta murza kan har gashin ya sha ruwa ya yi laushi. Busasshen gashi yana dakusar da ƙarfe yana kuma jan fata, jiƙaƙƙe kuwa da an taɓa shi yake faɗuwa. Sannan ya ja askar a kan fatar goga baki, ya ƙarasa a tafin hannunsa, ya dafe kan da hagu, babban yatsa yana miƙar da fatar, dama tana bi a baya. Daga ƙeya ya faro. Da ya iso gaba manomin ya ɗan yamutsa fuska, wani da ke jiran layi ya ce ai dama sai aski ya zo gaban goshi yake zafi, aka yi dariya. Ko ɗigon jini ban gani ba. Tsakanin wannan kaifi da fatar mutum babu komai sai hannun da ya shekara da shekaru yana koyo a gaban mahaifinsa.

Wannan hannun ne Turawa suka daɗe suna neman hanyar da za su yi aski ba tare da shi ba. Su ma da doguwar aska suke yi, irin ta Sheffield a Ingila da Solingen a Jamus, kuma wanda bai iya ba yana yanka kansa. A 1762 wani maƙerin wuƙaƙe na Faransa, Jean-Jacques Perret, ya sa wa aska kariyar itace don kada bakin ya nutse a fata. A 1880 'yan'uwan nan Kampfe na birnin New York suka yi rajistar wata mai ɗan guntun baki a cikin gida na ƙarfe. Duk da haka sai an ciro bakin an wasa. Wanda ya raba gardama shi ne King Camp Gillette, ɗan tallan kaya a Amurka, wanda maigidansa William Painter, mai marfin kwalba, ya ba shi shawarar ya ƙirƙiro abin da za a yi amfani da shi a yar a sake saye. Tunanin ya zo masa a 1895, amma masana ƙarfe suka ce ba a iya taurara ƙarfe mai sirantaka haka a kuma wasa shi da araha. Sai da injiniya William Nickerson ya ƙera injinan da suka iya. An kafa kamfani a 1901. A 1903 gidan reza 51 da reza 168 kacal suka sayar. A 1904 aka ba shi takardar mallakar fasaha. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojinta suka karɓi gidan reza kimanin miliyan uku da rabi, suka koma gida da sabon sabo, wanzaman can kuma suka rasa masu gyaran fuska na kullum.

A ganina abin da Gillette ya sayar ya wuce ƙarfe. Ya ɗauke gwanintar mutum biyu, ta mai wasa da ta mai riƙewa, ya zuba ta farko a injin masana'anta, ta biyu kuma a cikin siffar gidan rezar.

Da la'asar na koma maƙera na ciro nawa na miƙa wa dattijon. Ya juya shi, ya murɗa ƙotar, abin ya rabu uku a tafin hannunsa: marfi mai ɗan lanƙwasa da ƙusa mai zare a tsakiya, faranti mai sanda a kowane gefe, da ƙota. Na sa reza a tsakani na ɗaure. Tun kafin in yi bayani ya ce, "Af, marfin ne ke tanƙwara ta." Haka ne kuwa. Reza ita kaɗai laɓa-laɓa take, amma in marfi ya danne ta a kan faranti sai ta lanƙwashe ta yi ƙarfi, bakinta ya fuskanci fata a karkace, wajen digiri 30. Sandar gefen farantin ita ke riga baki isa, tana miƙar da fata, aikin da babban yatsan wanzami ke yi. Tazarar da ke tsakanin sandar da bakin rezar ba ta cika kai milimita ɗaya ba, kuma a kanta komai ya rataya. In ta yi faɗi askin ya yi ƙwal amma yanka ya yi sauƙi, in ta matse ya yi taushi amma ya bar saura. Akwai masu haƙora a maimakon sanda, don gemu mai cika. Na da da farin ƙarfe ko tagulla ake yin su a shafe da wani ƙarfen mai ƙyalli. Yawancin na yanzu narkakken ƙarfe mai tutiya ake zubawa a mazubi, masu tsada kuma inji ke sassaƙa su daga ƙarfen da ba ya tsatsa. Har gobe Merkur na yin su a Solingen, Edwin Jagger kuma a Sheffield.

Ya daɗe yana shafa farantin da yatsa.

"Wannan ba aikinmu ba ne mu maƙeran baƙi," ya ce. "Amma maƙeran fari, masu zuba tukunya da munduwa, in ka ba su wannan za su zuba maka irinsa. Abu biyu ne zai ba su wuya, zaren ƙusar nan, da kuma a ce guda ɗari sun fito duk tazararsu ɗaya."

Sai ya ɗaga rezar kanta ya duba ta a hasken ƙofa, ya girgiza kai. "Wannan kam a bar wa masu ita."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji daɗin da bai yi cika baki ba. Kaurin reza kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kamar takardar littafi. Daga doguwar ɗamarar ƙarfe a naɗe ake fara ta, inji ya huda ramukan tsakiya, a ratsa da ita tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,000, a sanyaya ta nan take har ƙasa da sanyin ƙanƙara, a sake ɗumama ta kaɗan don kada ta riƙa karyewa. Matakan da dattijon Roni ya bi ne da ido, sai dai a can ma'auni ke tsaron su. Daga nan duwatsun inji su wasa bakin hawa-hawa, a goge a kan fata, a shafa masa wani siririn rufi mai santsi, sannan a datsa ɗaya-ɗaya a naɗe a takarda. Reza ta da tana tsatsa da zarar ta kwana a jiƙe, sai a 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da wadda ba ta tsatsa, sauran suka bi sahu. Yau ana yin ta a Masar da Indiya da Pakistan da Japan da wasu ƙasashen, ta ƙetaro teku ta iso teburin mai tireda a Roni ana sayar da ita ɗaya-ɗaya.

Abin da na lura da shi a kasuwar shi ne mun karɓi rezar mun bar gidanta. Kowane tebur akwai rezar Tiger ko wata irinta, amma gidan ƙarfe ban ga mai sayarwa ba, sai na roba da ake yarwa. Da tsirarar reza muke yanke farce, mu fere fensir, tela ya farke ɗinki, saurayi ya riƙe ta da yatsu biyu yana gyara saje a gaban guntun madubi. Wato mun ɗauki ɓangaren da ke yanka mun bar wanda ke karewa. Ga shi kuwa irin gashinmu mai murɗewa ya fi jituwa da baki ɗaya. Na robar nan masu baki uku ko biyar suna jan gashi su yanke shi ƙasa da fata, in ya tashi tsirowa ya murɗe ya koma ciki, shi ne ƙurajen da ke damun maza da yawa a wuya da haɓa.

Akwai kuma maganar da ta fi ƙuraje nauyi, kuma ba zan ɓoye ta don ƙaunar da nake wa sana'ar ba. Aska ɗaya a kan mutane da yawa hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma goga aska a fata ko ɗauraye ta a kwano ba ya kashe ta. Wanzami kuma ba kan manya kaɗai yake taɓawa ba, shi ke askin jariri ranar suna, shi ke kaciya. Alhazanmu sun ga yadda ake yi a Mina, inda hukumomin Saudiyya suka wajabta wa masu askin da aka ba izini su sa sabuwar reza ga kowane kai. Wanzamin gindin darbejiya ya san wannan sarai. Ya ce mini akwai dattawan da kowannensu ke da askarsa ta kansa, yana zuwa da ita a naɗe a tsumma, a yi masa ya koma da abarsa. Wannan dabara ta fi kowace kyau a wurina, domin ta tsare lafiya, ta bar wa maƙeri ciniki, ta kuma bar wa wanzami hannunsa.

A hanyar dawowa motarmu ta bi ta Kazaure, garin da ke da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai ɗauke da sunan marigayi Sarki Hussaini Adamu. Abu biyun da dattijon ya ce za su ba maƙeran fari wuya, zaren ƙusa da daidaiton tazara, su ne ainihin abin da ake koya wa ɗalibin injiniya da injin gurza ƙarfe da ma'auni. Tsakanin ɗakin aikin kwalejin da rumfar maƙeran Roni tafiyar ƙasa da sa'a ɗaya ce a mota.

Kirana ga malamai da ɗaliban wannan fanni shi ne wani ya ɗauki gidan reza da mariƙin rabin reza na wanzamai a matsayin aikinsa na kammala karatu, ya fitar da mazubi da ma'auni, ya kai wa maƙeran Roni da Gwiwa su gwada. Masu riƙe da sarautar Sarkin Aska kuma su tsaya a kan ka'ida ɗaya a tsakanin mutanensu: ko sabuwar reza, ko askar mai kai, ko wadda aka tafasa sosai, musamman ga jarirai da yaran kaciya. Kai kuma mai karatu, in kana cikin masu zama gaban wanzami, ka sa maƙeri ya ƙera maka askarka, ka riƙa zuwa da ita.